Ɗakin Maɓalli

Jawabin da Hajiya Barakatu Yero, shugabar Sakandaren Gamayya ta Sabon Gari, Zariya, ta yi a taron tunawa da marigayi Malam Jafaru Dalhatu, mai ba ɗalibai shawara, a zauren makarantar, ranar Asabar, ƙarshen watan Maris na 1978.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, Alhaji Shugaban Kwamitin Gudanarwa na wannan makaranta da sauran 'yan kwamiti, Malam Liman, Rabaran, baƙinmu biyu masu duba makarantu da suka taso daga nesa, Alhaji Uba, yayan marigayi kuma babban gidansu, ƙanwata Zubaidatu da 'ya'yanki, malamai abokan aikina, iyaye maza da mata, da ku 'ya'yana da kuka cika bayan zaure har kan tagogi. Sannunku da zuwa. Ya muka ji da haƙuri? Allah ya ƙara mana shi.

Tun jiya ake ta ja na gefe. Shugaban Kwamiti ya aiko mini da cewa in taƙaita, in yi yabo, in yi addu'a, in zauna, kada in taɓo maganar rahoton nan, tunda jibi Litinin kwamiti zai zauna a kansa. Na ji, ranka ya daɗe. Malama Clara Shekari, wadda ta yi aiki ɗaki ɗaya da marigayi, ta biyo ni har gida da la'asar, ko ruwa ta ƙi sha, tana haɗa ni da Allah kada in faɗi abin da ta san ina shirin faɗa. Ita ma na ji. Sai Zubaidatu, da ta fita takaba a makon jiya. Ita ta riƙe mini hannu ne ta ce, "Yaya, a unguwarmu ana cewa mijina ya gaji da aikinsa ya koma tela, albashin banza ya yi ta ci. Yaran nan suna ji. Ki gaya mini a gaban mutane, ko da ɗaci: ya so aikin nan ko bai so ba?"

To, jama'a, ba zan iya bin ukun nan duka ba. Dole wani ya fita daga zauren nan da haushina, kuma na shirya.

Ga waɗanda ba su sani ba, ga abin da ake ciki. An rubuta rahoto cewa Malam Jafaru ba ya jin daɗin aikin da aka ɗauke shi domin sa, shi ya sa ya koma ɗinkin gidansu a cikin ofis, kuma wannan ya nuna aikin kansa ba shi da amfani a makaranta irin tamu. An ba da shawara a rufe ɗakin da yake zama, a mai da shi wurin ajiye kayan wasanni, a tura Malama Clara aji ta koyar da labarin ƙasa. Rasuwarsa ce ta sa aka ɗage maganar. Jibi za a yanke.

Mu koma baya kaɗan. Malam Jafaru ɗan Birni ne, gidansu gidan masu ɗinkin riga, kowa a nan ya san aikin hannunsu. Kafin ya iya riƙe alƙalami ya iya riƙe allura. Alhaji Uba ne ya tsaya kai da fata sai ƙanensa ya yi boko. Ya yi, har jami'a a Samaru, har ƙasar waje, ya dawo da ilmin halayyar yara, irin ilmin da ke sa a gane abin da ke damun yaro ko da yaron bai iya faɗa ba. A 1971 ya zo mana. Muka ba shi ɗaki kusa da ɗakin karatu, muka sa aka rubuta masa allo da Turanci aka kafa a ƙofa, har da fenti mai ruwan zinariya. Ni da kaina na tsaya aka buga ƙusar, ina ta taƙama ba makarantar da ke da irin namu.

Zangon karatu ya ƙare, ba yaron da ya taka ɗakin nan da ƙafarsa. Ko ɗaya! Kafin mu ankara yara sun sa masa suna ofishin mahaukata. Wanda malami ya tura, da kuka yake zuwa, in ya fito kuma shi ke nan, sai a riƙa nuna shi da baki har a kasuwa. Wata uwa ta zo ta same ni a ofis, mayafi a kafaɗa, ta ce, "Hajiya, 'yata lafiyarta ƙalau. In kuka sake kai ta ɗakin nan, wa zai aure ta?" Malamai kuwa da suka ga mutum zaune ba aji, sai suka ce a ba shi bulala ya zama malamin horo. Ya ce shi bai iya duka ba. Malam Liman yana nan, shi ne shaida, har sulhu sai da ya yi a kan maganar.

Wata safiya ya shigo ofishina da allon nan a hammata, ya cire shi da kansa. Ya ce, "Hajiya, ina neman alfarma. Yaron da aka kama a layin safe ba maɓalli a rigarsa, ko ta yage, a daina dukansa. A turo mini shi in ɗinke."

Na ce, "Malam Jafaru, lafiyarka kuwa? Ka je har ƙasar Turawa ka dawo ka ce mini tela?"

Ya ce, "Hajiya, ina so ya zama ba yaron da bai taɓa shiga ɗakin nan ba. In kowa na shiga, ba wanda zai san abin da ya kai wani."

Clara, ajiye jakar nan ki zauna. Na gan ki. Ki ji ƙarshen maganar tukuna, in kin ga dama sai ki fita, ba zan riƙe ki ba.

Abin da aka roƙe ni in ɓoye ke nan, ga shi na faɗa. Ɗinkin nan ba ɗinki ba ne kawai. Mu uku muka sani: shi, da ni, da Clara da ta zo daga baya don 'yan mata. Ko matarsa bai gaya wa ba.

Ga yadda yake yi. Akwai rigar aro a rataye bayan labule. Yaro zai cire tasa ya sa ta aro, domin ai ba a ɗinka wa mutum riga a jikinsa, sai ya zauna a benci ya jira. Na taɓa ce masa in sayo masa keken ɗinki, ya ce a'a, keke ya cika sauri. Mutumin da zai iya sa maɓalli kafin ka gama sallama, sai ya yi ta jan zare, yana neman kafar allura kamar makaho. Idonsa na kan riga, ba ya kallon yaro. Ya san 'ya'yanmu. Ba yaron da aka yi wa tarbiyya a garin nan da zai kalli idon babba ya ce, "Babana na dukan uwata," ko "Ba na ganin rubutun allo," ko "Ina fitsarin kwance." Amma in babban ya sunkuyar da kai yana aikin gabansa, wani lokaci maganar kan fito da kanta. In ba ta fito ba, sai ya miƙa riga ya ce a gai da gida.

Yaran kuma suka gano hanya da kansu, kowane yana zaton shi kaɗai ya gano. Wanda abu ya dame shi sai ya tsinke maɓallinsa a hanya. Malam Jafaru ya nuna mini bambancin wata rana. Ya ce, "Duba, Hajiya. Wanda ya faɗi da kansa, zaren a sake yake. Wanda aka fizge, yakan taho da ɗan ƙyalle." In ya ga irin na biyun, sai ya tura sauran masu jira aji, ya ce zarensa ya ƙare, su dawo bayan tara.

Ba zan kama sunan kowa ba sai mutum ɗaya, shi ma don shi ya zo da kansa ya ce in faɗa. Emenike, miƙe su gan ka. Na gode, zauna.

Iyayen Emenike 'yan Sabon Gari ne tun fil azal, mahaifiyarsa ta fi ni Hausa. Sun tafi lokacin rikici, suka dawo bayan yaƙi, muka ɗauke shi a aji ɗaya. Kun san garin nan, ƙananan jiragen masu koyon tuƙi ba sa barin samanmu tun safe har yamma. Mu mun saba, ko ɗaga kai ba ma yi. Shi kuwa da ya ji ƙarar jirgi sai ƙarƙashin tebur, ya dunƙule, ya toshe kunne. Aji ya kwashe da dariya, malami ya ɗauka iskanci ne, ya zane shi. Aka yi ta haka. Rannan ya zo layin safe ba maɓalli, washegari ma haka, har firifet ya ce yaron nan cin maɓalli yake yi. Malam Jafaru bai taɓa ce masa "me ka gani a can" ba. Ɗinki kawai. Sai ran nan jirgi ya wuce suna ciki, yaro ya faɗa ƙarƙashin teburin Malam. Kun san abin da bawan Allah nan ya yi? Ya tattara babbar rigarsa, ya durƙusa, ya shiga ƙarƙashin teburin shi ma da allurarsa a hannu, ya ce, "Ashe nan ma akwai haske. Miƙo mini almakashi." A ƙarƙashin teburin nan Emenike ya fara magana. Daga baya, ranakun Asabar, da izinin uwarsa, Malam kan goya shi a Vespa su je bakin wayar filin jirgi, su tsaya suna kallon 'yan koyo na sauka a karkace suna dariya. Yau Emenike yana karatu a Samaru, kuma ɗakin da ya kama yana Palladan, dab da filin jirgin. Na tambaye shi ƙarar ba ta damunsa, ya ce sauro ya fi damunsa.

Wannan ɗaya ke nan, wanda ya yarda a faɗa. Sauran ni ma ban san su ba.

Ya kasance mutum mai riƙe magana, har ta kai ina jin haushinsa. In na ce, "Malam, yarinyar nan me ke damunta?" sai ya ce, "Hajiya, a dai daina sa ta sharar bayan gida ita kaɗai." Iyakar abin da zan samu ke nan, ni da nake shugabarsa.

Ya kasance ba ya tambayar yaro addininsa ko garinsu kafin ya zare zare. Ɗan Limanci, ɗan Kagoro, ɗan Offa, ɗan Onica, benci ɗaya, rigar aro ɗaya.

Ya kasance mai taurin kai, wannan kam Zubaidatu za ta ba da shaida. In ya ga uba na shirin cire yaro daga makaranta, sai ya je shagon uban ya zauna, ba ya faɗa, ba ya tashi, har sai mutum ya gaji ya ce, "Malam, don Allah me kake so?"

Ya kasance ba ya zuwa taron malamai a kan lokaci, kuma bai taɓa ba ni haƙurin da ya gamsar da ni ba. Allah ya gafarta masa, ni dai na yafe.

Yanzu, Zubaidatu, tambayarki. Ba zan yi miki ƙarya ba, akwai ranakun da bai so aikin nan ba. Na sha ganinsa a bakin Vespa bayan an tashi, ya kasa ko tayar da ita. Ran da aka cire wata yarinya da ya daɗe yana lallaɓawa, ya shigo ofishina ya zauna ba sallama, ya ce, "Hajiya, malamin lissafi na da ranar da sakamako ke fitowa, ya ga abin da ya yi. Ni fa? In na yi daidai, ba abin da zai faru. Yaro ya zo makaranta, ya koma gida. Wa zai rubuta wannan?" Waɗanda ya girma a aiki suka yi ta wuce shi, aka yi musu ƙarin girma, suka sayi mota, shi yana nan inda yake, domin ba wanda ya san layin da za a sa shi. Abin ya ci masa rai, ya faɗa mini da bakinsa. Kuma na san zancen aikin koyarwa da aka yi masa tayi a Samaru, da gidan ma'aikata mai famfo a ciki, ya ƙi karɓa. Na san kin so, kuma kina da gaskiya, ke ce ke ɗibar ruwa. Ya ce mini kwana da kwanaki ba ki yi masa magana ba, sai dai ki ajiye tuwo ki wuce.

Amma bari in gaya miki abin da ya sa na san amsar. Wata rana mun haɗu a kasuwar Sabon Gari, wajen 'yan yadi, muna tsaye muna gaisawa. Sai ga wani tsohon ɗalibinmu ya taho, ƙato, da matarsa a gefe. Yana hango Malam sai ya yi kwana ya shige layin 'yan takalma kamar bai gan mu ba. Raina ya ɓaci. Na ce, "Ka ga ɗan banzan nan? Ko gaisuwa!" Na juyo, sai na ga Malam Jafaru yana murmushi har kunne, wallahi kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya ce, "Bar shi, Hajiya. Da har yanzu yana bukatata, da ya tsaya." Ranar har tsire ya saya mini, shi da ba ya sakin kwabo. Mutumin da bai so aikinsa ba ba ya irin wannan murna, ƙanwata. Ya so shi. Ya wahala a cikinsa, ya yi fushi da shi, amma ya so shi, kuma in wani ya sake gaya wa 'ya'yanki akasin haka, ki turo mini shi.

Alhaji Uba, kai ma ina da magana da kai, cikin girmamawa. Ina ofis ran da ka zo, na ji muryarka ta taga. Ka ce masa, "Jafaru, mun raba ka da allura don ka fi mu, ka koma kanta a gaban 'ya'yan mutane?" Na san abin na nan a ranka tun da ya rasu, domin ita ce doguwar maganarku ta ƙarshe. To ka sani, Alhaji, da ya fito raka ka ya dawo, ce mini ya yi, "Yaya na da gaskiya a yadda ya gani." Bai riƙe ka ba. Kuma karatun da ka sa shi ya yi bai zube ba, allurar gidanku ce ta buɗe masa ƙofar da takardun suka kasa buɗewa. Kai ka koya masa ita, ya sha faɗa mini.

Sai maganar rahoto. Baƙinmu, ga ku a zaune, ba zan ce kun yi ƙarya ba. Abin da kuka gani kuka rubuta. Kun leƙa, kuka ga mutum mai digiri biyu da rigar yaro a cinya. Kuka tambaye shi me yake yi, ya ce, "Ɗinki nake yi." Kuka ce kuna son magana da shi, ya ce ku dawo bayan tara, kuka ji haushi, kuma kowa ma zai ji. Abin da ba ku lura da shi ba, akwai yaro a benci sanye da rigar aro, wanda a lokacin nan ne ya fara buɗe baki. Me kuke so ya ce muku a gabansa? Bayan tara kuma kun riga kun wuce wata makarantar.

Da aka karanta rahoton a kwamiti yana zaune. Shugaba ya ce, "Malam, kana da abin cewa?" Na buɗe baki, Malam Jafaru ya kalle ni, ya girgiza kai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da shi." Kada 'yan kwamiti su ji haushina, amma mun san kanmu. Abin da aka faɗa a kwamiti da hantsi, kafin la'asar ya kai tasha. Ya zaɓi a kira shi malalaci da a ce yaro ɗaya ya ji tsoron ƙofar nan. Ya fito daga zaman, ya koma ɗakinsa, ya ci gaba da ɗinki. Ba a jima ba jininsa ya hau, ya faɗi a bakin ɗakin karatu. Ban ce rahoto ne ya kashe shi ba, rai na Allah ne, kwanansa ne ya ƙare. Amma na ga yadda mutumin nan ya rame a makonnin nan, kuma ba zan ce ban gani ba.

Na je duba shi a asibiti, bakinsa ya ɗan karkace, maganar da ƙyar take fita. Ya ce, "Hajiya, kar ki faɗa." Na ce masa, "Na ji." Ban ce na yi alkawari ba. Ya san ni, ya san bambancin, har ya ɗan harare ni.

Jiya Clara ta ce mini, "Hajiya, in kika faɗa, ranar Litinin ba yaron da zai shigo. Duk wanda ya zo ba maɓalli, za a ce ga mai matsala nan." Gaskiya ta faɗa, kuma ita ce ta san aikin, ba ni ba. Abin da na ce mata shi ne, in na yi shiru, jibi ƙwallaye da raga za a zuba a ɗakin, ita kuma tana aji uku tana zana kogin Kwara. Ta ce gara a rufe da mutuncin yaran a rufe. Na ce ban yarda ba. Mun rabu ba ta yi mini sallama ba. Wataƙila ita ce mai gaskiya. Wataƙila yau na rushe abin da mutumin nan ya gina da haƙurinsa, a ranar da aka tara mutane don a girmama shi. Wallahi ina tsoron haka.

'Ya'yana na baya, ku nake ji. Na ga wasunku sun sunkuyar da kai, na ga masu waige-waige. Ku daina waigen. Ba ɗalibin da ke zauren nan da bai taɓa sa rigar aron nan ba, har firifet, har waɗanda suka gama suka zo yau da gemu. Wanda ya shiga don maɓalli da wanda ya shiga don wani abu, ba wanda ya san su. Ni ban sani ba. Clara ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta. Shi kuwa ya tafi da nasa kabari. Asirinku na nan inda kuka bar shi. Abu ɗaya ne ya canja: daga yau ba sauran fakewa da maɓalli. Wanda zai shiga, a gaban kowa zai shiga.

Na san wannan abu ne mai nauyi a ɗora wa yaro. Shi ya sa ba yaro ne zai fara ba.

Tun da Malam Jafaru ya rasu ban bi ta gaban ɗakin nan ba, zagayawa nake yi ta bayan ɗakin karatu, masu shara sun gani. In na ji ƙarar Vespa a bakin ƙofa sai gabana ya faɗi. Abinci ba ya mini daɗi. Malamai kun sha faɗan da ba ku ci ba a watannin nan, kuna ta cewa Hajiya ta rikice, na ji ku. Shekarata talatin ina aikin nan, jikoki gare ni, ban taɓa zama a gaban wani na ce abu na damuna ba, domin ba a haka aka rene mu ba. To jibi Litinin, da an tashi daga layin safe, kuna tsaye ba wanda ya shiga aji, zan bi ta tsakiyar fili in je ƙofar nan in yi sallama. Ku dube ni da kyau. Atamfa ce a jikina, ba maɓalli ko ɗaya, ba inda ta yage. Zan shiga ne don ina da damuwa, kuma ina so a saurare ni. Wanda zai ce Hajiya ta haukace, ga fili ga kasuwa, ya je ya faɗa. In wani uba ko wata uwa ko wani malami na son biyo bayana, bismilla. In ba kowa, ni kaɗai ma zan je.

Ranka ya daɗe Shugaba, ƙarfe goma ka sa zaman kwamiti a ofishina. Hukunci naku ne, ban isa in hana ku ba, abin da kuka yanke zan sa hannu. Amma in kun iso ba ku same ni ba, kun san inda nake. Akwai benci a bakin ƙofar. Ku zauna ku jira in fito, kamar yadda yaran nan suka saba jira, sannan ku gaya mini inda za a zuba ƙwallayen.

Na gode wa wakilin Hakimi da ya zauna har ƙarshe. Na gode wa Malam Liman da Rabaran. Na gode wa baƙinmu da suka saurari abin da ba daɗin ji, ba su tashi ba. Na gode wa matan Unguwar Gabas da suka yi girki, da tsofaffin ɗalibai da suka kawo kujeru. Alhaji Uba, Zubaidatu, mun gode da kuka ba mu aron mutumin nan, mun mayar muku da shi a gajiye, ku yafe mana.

Ya Allah, ga bawanka Jafaru ɗan Dalhatu. Ya rufa wa 'ya'yan mutane asiri, Ka rufa masa nasa. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa ya huta. Ka raya abin da ya bari, Ka ba iyalinsa haƙuri da abin rufin asiri. In na yi kuskure a abin da na faɗa yau, Ka sa kuskuren ya tsaya a kaina, kada ya taɓa yaran nan. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin summa amin.

Allah ya kai mu Litinin. Clara, ki zo da makulli.